Yawan Bugu da Yawan Aiki: Nazari a kan Saurin Kwamfutocin Gida

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a bincika wata lamba da masu sayar da kwamfuta suke yawan kafa hujja da ita, watau megahaz ko gigahaz, a ga ko ita ce ma'aunin sauri na gaskiya. Batun ya shafi ɗalibin Hausa, domin in aka fassara lambar da kalmar "sauri" kai tsaye, an riga an yanke wa mai karatu hukuncin da ba lalle ya zama daidai ba.

A cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau ɗan guntun da ke aiwatar da umarni, komai yana tafiya ne bisa bugun wani agogo. Megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a daƙiƙa, gigahaz kuwa megahaz dubu ne. Lambar tana ƙirga bugu, amma ba ta faɗin abin da kowane bugu ya cim ma. Mata biyu suna iya yin daka, ɗaya da ƙaramar taɓarya tana ta lugude, ɗaya da babba tana saukewa a hankali, su kuma gama tare.

Alal misali, a 1982 aka fitar da Commodore 64 a Amurka da ZX Spectrum a Ingila. Ta farko tana da ƙwaƙwalwar MOS 6510, ɗiyar gidan 6502, mai bugun kimanin megahaz 1. Ta biyu tana da Zilog Z80 mai megahaz 3.5. Mai duban lamba kurum zai ce Spectrum ta ninka abokiyarta sau uku da rabi. To amma ɗauko lamba ɗaya daga wani adireshi na ma'ajiya bugu 4 yake ci a wurin 6510, a wurin Z80 kuwa bugu 13. In aka yi lissafi, ta farko za ta gama a kashi 4 cikin miliyan na daƙiƙa, ta biyu a kimanin kashi 3.7. Ratar da aka zata babba ta kusa ɓacewa.

Wannan ba ya nufin Z80 ba ta da fifiko. Tana da wuraren riƙe lambobi a cikinta fiye da 6510, tana kuma da umarni guda da ke kwashe jerin bayanai daga wuri zuwa wuri, saboda haka takan yi gaba a aikin da lissafi ya yi yawa. Ita kuwa Commodore 64 an haɗa ta da mataimaka: VIC-II yana motsa ƙananan siffofi takwas a allo, SID yana kula da sauti, ƙwaƙwalwar ta sami sarari. A Spectrum kusan duk wannan ɗawainiya a kan Z80 take. Abin mamaki ma, BBC Micro ta 1981, mai 6502 a megahaz 2, ta fi Spectrum saurin gudanar da shirye-shiryen BASIC, kuma kyawun fassararta ta BASIC yana cikin dalilan.

Rikicin ya sake tasowa bayan shekara ashirin. A 2001 kamfanin AMD ya ga Intel yana cin kasuwa da manyan lambobin Pentium 4, sai ya daina sa wa Athlon XP suna da bugunta. Wadda aka kira 1800+ megahaz 1,533 take yi, dabarar da ba ta rasa wayon 'yan kasuwa, ko da yake akwai gaskiya a cikinta. Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8 a 2004, zafi da shan wuta suka tsayar da ita, Intel ya fasa fitar da mai gigahaz 4. A 2006 Core 2 Duo E6600, mai gigahaz 2.4, ta bar ta a baya a yawancin gwaje-gwaje.

Daga wannan lokaci masu ƙira suka karkata ga haɗa ƙwaƙwale da yawa a guntu ɗaya. Nan ma akwai tarko, domin shirin da ba a rubuta shi don a raba aikinsa ba ɗaya kawai zai yi amfani da ita, sauran na zaune.