Babi na Tara: Liƙa Ƙananan Kaya a Kan Allon Waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyaran waya a kasuwar Fam Santa ta Kano har aka buɗe cikinta a idonsa, lalle ya ga wani allo da masu sana'ar ke kira fanel, an jera masa 'yan mitsi-mitsin kaya, waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba. Su ba su da dogayen ƙafafun da ake zurawa cikin huda kamar kayan rediyon da. A bisa fuskar allon suke zaune, dalma kaɗai ke riƙe da su.

Dalmar da masu gyara ke amfani da ita gami ce, galibi kuza kashi 63 da dalma tsantsa kashi 37, tana kuwa narkewa a zafin digiri 183. Sharaɗin farko kafin a kusance ta shi ne a cire batir, sannan a shafa wa gurbin da kayan zai zauna man nan da ake kira fulos, wanda faidarsa ita ce cinye dattin ƙarfe domin dalma ta malala ta kama.

To, ga inda hikimar take. Galibi ɗan kaya gurbi biyu ne da shi, amma ɗaya tak za ka fara ɗiga wa dalma. Sai ka ɗauko shi da matsefata, ka sake narkar da ɗigon da bakin ƙarfen liƙi, ka turo kayan a hankali har ya zauna daidai, ka janye ƙarfen alhali matsefatar na danne da shi, har dalmar ta daskare. Bayan haka ka liƙe ɗaya gefen, cikin daƙiƙa biyu ko uku, domin daɗewar zafi kan ɓamɓare jan ƙarfen allon, gyaransa kuwa akwai wuya ƙwarai. Almajirin sana'a yakan zaci yawan dalma shi ne ƙarko, har ta tsallaka ta haɗe ƙafa biyu, wuta ta bi inda bai kamata ba. In haka ta auku, sai a ɗora saƙaƙƙen zaren jan ƙarfe, a dafa shi da ƙarfen, ya tsotse rarar.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da nake gani sun sunkuya suna shaƙar hayaƙin liƙin a shago rufe. Wajibi ne a buɗe taga, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, gama dalma guba ce mai taruwa a jiki.