Darasi na Bakwai: Aikin Matarki Tsakanin Tsohon Adabi da Sabo

1.0 Gabatarwa

Tarke shi ne bin diddigin aikin adabi domin a fito da kyawunsa da rauninsa bisa hujja. Mai yin wannan aiki shi ake kira matarki. Daga cikin ayyukan matarki, babu mai jawo gardama kamar jera littattafai bisa daraja, wato a ce wannan ya isa a koyar da shi, wancan kuwa bai isa ba. A wannan darasi za a duba yadda wani matarkin adabin Hausa ya auna ƙagaggun labarai na dauri da na zamani, sannan a kwatanta shi da wani matarkin adabin Ingilishi, domin malami ya san matsayin da ya dace ya ɗauka a aji.

2.0 Ƙagaggun Labarai na Dauri

A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Wannan yunƙuri ne ya samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Bayansu Imam ya rubuta Magana Jari Ce. Waɗannan littattafai hukuma ce ta tace su, ta buga su, ta kuma shigar da su makarantu. Saboda haka suka zama ma'aunin da ake gwada duk wani sabon rubutu da shi.

3.0 Sabon Rubutu da Hukuncin Matarki

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Sai matasa, maza da mata, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, musamman a Kano. Cikinsu akwai Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Jigoginsu sun fi karkata ga soyayya da auren dole da kishi da ilimin 'ya'ya mata.

Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, yana cikin waɗanda suka fara tarken wannan rubutu a jaridar Nasiha a farkon shekarun 1990. Shi ne ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan da aka yi yayinsu a kasuwar Anacha. A ganinsa, yawancin littattafan ba su da zurfin jigo, ba a tace su ba, suna karya ƙa'idojin rubutu, suna kuma kwaikwayon finafinan Indiya. Ya ɗauke su a matsayin yayi mai wucewa.

Wasu masana ba su yarda ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano sun nuna cewa littattafan sun raya ɗabi'ar karatu, musamman a tsakanin mata, sun kuma taɓo matsalolin cikin gida da tsofaffin littattafai suka tsallake. Muhawarar ta yi zafi a jaridu a shekarar 1999.

Abin lura shi ne, Malumfashi bai tsaya ga sabon rubutu kaɗai ba. A littafinsa Adabin Abubakar Imam na shekarar 2009, ya bi sawun tushen labaran Imam, ya nuna yadda da yawansu suka samo asali daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya. Wannan ya haifar da tambaya mai amfani: idan aro bai rage darajar Imam ba, me zai sa ya rage ta marubucin yau? Amsar da ta fi ƙarfi ita ce, aron ba shi ne laifi ba. Abin dubawa shi ne yadda marubuci ya sarrafa abin da ya aro har ya sa masa rigar Hausa.

4.0 Misali Daga Adabin Ingilishi

Irin wannan jerin daraja ya faru a Ingila. F. R. Leavis, malami a Jami'ar Kambirij, ya fitar da littafinsa The Great Tradition a shekarar 1948. A ciki ya ware Jane Austen da George Eliot da Henry James da Joseph Conrad a matsayin manyan marubuta ƙagaggun labarai na Ingilishi. Charles Dickens kuwa, wanda talakawa suka fi karantawa, ya ɗauke shi mai nishaɗantarwa kawai, in ban da littafinsa guda. A shekarar 1970 sai ga Leavis da matarsa sun wallafa littafi sukutum suna ɗaukaka Dickens. Shi kuma Conrad, a shekarar 1975 Chinua Achebe ya zarge shi da ƙasƙantar da 'yan Afirka a rubutunsa. Ashe hukuncin matarki, komai girmansa, yana iya sauyawa idan aka sake karatu da sabon ido.

5.0 Matsayin Malami a Aji

Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji a wata sakandare ta Birnin Kudu ko Gwaram zai iya tarar da ɗaliban da suka san labaran soyayya na Kano, a takarda ko a waya, fiye da yadda suka san Shaihu Umar. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin garuruwan biyu suna cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Idan malami ya kushe abin da suke karantawa ba tare da hujja ba, zai kashe musu sha'awar karatu. Idan kuma ya yaba komai, ba zai koya musu rarrabe tsaki da tsakuwa ba. Hanyar da ta dace ita ce a ɗora tsohon littafi da sabo a kan ma'auni guda: jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, da kuma taurari.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tsufan littafi ba ya zama hujjar ingancinsa, haka kuma yawan masu saye. Matarki jagora ne, amma hujjar ƙarshe tana cikin littafin kansa.

7.0 Auna Fahimta

1. Kawo dalilai uku da Malumfashi ya dogara da su wajen sukar Adabin Kasuwar Kano.
2. Wane darasi malami zai koya daga sauyin ra'ayin Leavis game da Dickens?
3. A zaɓi Jiki Magayi da wani littafin zamani da ɗaliban makarantar koyarwar gwaji suka sani, a kwatanta jigonsu da salonsu.