Alamci a Zanen Addini: Misalin Ƙwaron Maryamu

A darasin adabi mun saba cewa alama ba ta da ma'ana sai wadda jama'a suka ɗora mata. Wannan ɗan nazari zai gwada maganar a kan wani ƙwaro da ke fitowa a zane-zanen addinin Kirista na ƙasashen Turai.

Ƙwaron ɗan ƙarami ne, ja, kamar rabin ƙwayar wake, da ɗige-ɗige baƙaƙe a bayansa. Linnaeus ya sa wa mai ɗigo bakwai suna Coccinella septempunctata a 1758. Ingilishi da Jamusawa suna jingina sunansa ga Maryamu, uwar Annabi Isa, Rashawa kuwa suna ce masa 'yar saniyar Allah. An ce jan bayansa mayafin Maryamu ne, domin masu zane irin su Jan van Eyck sun sha zana ta cikin jan tufafi, ɗigo bakwai ɗin kuma baƙin cikinta bakwai ne, kamar yadda 'yan Katolika ke lissafawa. Akwai kuma dalili na gona: ƙwaron yana cinye darɓa, don haka manomi yake ganinsa rahama.

To, shin duk inda aka zana shi Maryamu ake nufi? Mu duba littafin addu'o'in da Jean Bourdichon ya ƙawata wa Anne ta Biritaniya, matar Sarki Louis na 12 na Faransa, tsakanin 1503 da 1508, wanda ke ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa a Faris. Da launin ruwa aka yi shi a kan fata. Irin wannan launi akan dama shi da ƙaro ko farin ƙwai don ya kama, kuma ƙaron nan shi ne malamanmu ke sawa a tawada. A gefen shafuffukan akwai tsirrai fiye da 300, kowanne da sunansa cikin Latin da Faransanci, ƙwari suna yawo a kansu.

A nan gizo ke saƙa. Ƙwaron namu yana cikin littafin, amma tare da ƙuda da fara da tsutsa, babu wata daraja da aka keɓe masa. Haka kuma Faransawa, da ke ƙasar da aka yi aikin, dabbar Ubangiji suka fi kiransa. Ga shi kuma launin da aka fi sanin tufafinta da shi a zanen Turai shuɗi ne. A ganina, wanda ya rubuta sunan kowane tsiro ƙarƙashinsa ya fi kama da mai son nuna halitta yadda take. Sai an ga ƙwaron shi kaɗai kusa da Maryamu, ko a kan furen da aka san nata ne, kamar farin lili, sannan manazarci zai sami hujjar kiransa alama.