Ƙarfen da Bai Kamata Ya Hau Sikeli Ba

Kullum safiya a unguwar Rijiyar Zaki za ka ji 'yan gwangwan suna tura kura, suna cigiyar tsohon ƙarfe. Sana'a ce ta halas, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma akwai ƙarfen da ke ɗauke da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, irin na injin gashin ciwon daji a asibiti, da na'urar duba walda a bututun mai, da ma'aunin masu gina titi. Tururin ba shi da wari, ido ba ya ganinsa, sai ya gama ɓarna a jiki ake sanin ya shiga.

A shekarar 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu suka kwance wani inji a tsohon asibitin da aka ƙaurace masa, suka sayar wa dillalin ƙarafa. Da dare dillalin ya ga wani gari a ciki yana haske shuɗi. Ya kai gida, ya kira dangi da abokai kallo, har ya gutsura musu. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da garin, ta ci abinci da hannun. Mutum 4 suka mutu, har da ita. Sai da aka auna mutane kimanin 112,000, aka rushe gidaje.

Kada wani ya ce ai Brazil da nisa. A Arlit ta Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, masu bincike daga Faransa sun tarar da gurɓatattun ƙarafan ma'adinai a kasuwa a 2003. Da aka rufe ramin kamfanin COMINAK a watan Maris na 2021, an bar tulin shara wajen tan miliyan 20 a bakin gari. Mutanen garin ne, ta bakin ƙungiyarsu Aghir In'man, suka yi ta kuka har duniya ta waiwayo.

Wannan shara tamkar tsohuwar rijiya ce a tsakiyar gona. Wanda ya haƙa ya rasu, mai gonar ya sayar ya koma birni, aka ɗora mata itace da ƙasa, ciyawa ta rufe bakinta. Baƙo zai wuce ya ga fili sumul. Wa zai hana makiyayi ko yaro takawa, in ba dattijon da kakansa ya nuna masa wurin, shi ma ya nuna wa jikansa ba? Sinadarin Goiânia sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Sharar yuraniyom kuwa dubban shekaru take yi. Gwamnati nawa za a yi kafin nan? Kamfani ya tattara, ma'aikaci ya yi ritaya, masu gona da jikokinsu ne ke nan daram.

Saboda haka abin takaici ne uba ya ga ɗansa ya shigo da dunƙulen ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, bai tambayi inda ya samo ba, sai kilo nawa zai yi. Wannan sakaci ne, kuma amanar 'ya'ya abar tambaya ce ranar gobe. Duk ƙarfen da ke da alamar fukafukai uku kamar na fanka a kan ruwan ɗorawa, kada a fasa, kada a kai maƙera, kada a kwana da shi. A nisance shi, a kori yara, a sanar da mai unguwa.

Hukumar NNRA ce ke da alhakin sa ido kan waɗannan kaya a Nijeriya tun 2001, masana kuma suna cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Su za a kira. Limamai su faɗa a huɗuba. In kuma wata rana aka zo neman fili don binne wata shara, dagaci ya tara jama'a a bainar kowa, a tambayi mene ne, shekara nawa zai yi, wa zai riƙa auna ruwan rijiyoyi, a rubuta amsar a ajiye kwafi a hannun mutanen gari.