Keɓaɓɓen Huhu: Yankin da Ba Ya Numfashi

Duk ɗalibin da ya yi darasin numfashi ya san cewa abubuwa biyu ne ke haɗuwa a cikin huhu: iskar da ke shigowa ta maƙogwaro, da jinin da ɓangaren dama na zuciya ke turowa domin ya ɗebi oksijin. To, jefi-jefi akan haifi yaro da wani yanki na huhu wanda ya rasa duka biyun. Babu bututun da ya sada shi da maƙogwaro, jininsa kuwa daga awota yake fitowa, wato babbar jijiyar nan mai rarraba jini ga sauran jiki. Saboda haka yankin yana raye, amma ba ya amfanar jiki da komai. Wani masanin cututtuka a Birtaniya mai suna Pryce shi ne ya raɗa wa nakasar suna a shekarar 1946, sunan da ke nufin keɓewa.

Huhun ɗan tayi yakan fara tsirowa ne a mako na 4, daga bututun da zai zama hanyar abinci. Masana da yawa suna ganin wani ƙarin toho ne yake ɓullowa a ƙasa, ya tafi da jijiyarsa daban.

Nakasar iri biyu ce. Kusan kashi 1 cikin 4 nasu yankin yana naɗe cikin tantaninsa a waje, kuma akan gano shi tun a ciki ko a jarirai. Sauran kuwa yana binne ne cikin sashen ƙasa na huhu, galibi na hagu, kuma wannan ne ya fi yaudara. Da yake ruwan da ke taruwa a ciki ba shi da mafita, sai ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Yaro ko saurayi ya yi ta fama da limoniya a wuri ɗaya, wani lokaci har da tarin jini. A ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, irin Nijeriya, abu ne mai sauƙi a ɗauka shi ne, a yi ta shan magani ba sauƙi. Ciwon da ke dawowa wuri guda ya cancanci hoton CT, wanda ke nuna baƙuwar jijiyar.

Maganin da aka fi yi shi ne fiɗa a cire yankin. Sai dai tilas likita ya fara nemo jijiyar nan ya ɗaure ta, domin jinin awota da ƙarfi yake gudu. A shekarar 1940 an ba da rahoton mara lafiyar da jini ya ƙare wa a kan teburin fiɗa, saboda an yanke ta ba da sani ba.