Tsamin madara: gwajin cokali kafin a zuba a bido

'Yan'uwa makiyaya da 'yan ƙungiya, daga Jiratawa har Tibiri tambayar da aka fi yi mini ita ce: me ya sa madarar da aka tatsa da asuba take tsinkewa a wuta tun kafin azahar?

Madara tana da sukarinta na halitta. Ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu shiga daga hannu, hantsa ko ƙwarya, suna cin sukarin nan su mayar da shi asid, wato sinadarin tsami. Mu ma'aikatan kiwo da digirin Dornic muke auna shi: digiri 10 na nufin giram ɗaya na asid a kowace lita. Sabuwar madarar saniya tana tsakanin 15 da 18. Idan ta haura wajen 26, harshe bai cika jin tsamin ba tukuna, amma da ta ji wuta sai ta tsinke ta yi gudaji. A zafin Afrilu da Mayu, sa'o'i kaɗan sun isa.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A ɗebi cokali ɗaya daga ƙwaryar kowa, a ɗora a wuta har ya tafasa. In ya tsinke, kada a zuba a bidon ƙungiya, gara a bar ta ta zama nono. Lita ɗaya mai tsami za ta ɓace cikin lita ashirin, amma ƙwayoyinta za su ci gaba da aiki har su ɓata duka kafin a isa Maraɗi.

Akwai masu jefa kanwa ko ƙara ruwa don ɓoye tsami. Kanwa tana kashe asid ɗin, ba ta taɓa ƙwayoyin. Ruwa kuwa, in na rijiya ne, wasu yake ƙarowa.

Madara tana tafasa kusan daidai da ruwa, wajen digiri 100, kuma ƙara itace ba ya ɗaga wannan zafin, ƙuna kawai yake kawowa. Tafasar tana kashe ƙwayar bakkale da ta tarin fuka, shi ya sa nake hana yara shan ɗanya. Amma ruwa ne ke tashi a tururi, asid yana nan cikin tukunya. Haka ragowar maganin allura: saniyar da aka yi wa allura, a jira kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a kai madararta.