Makeron da Ya Ƙi Jin Man Shafawa

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 makero ya kama masa kai, gashin wurin duk ya kakkarye, ga farin ɓawo yana zuba. Na sayo man shafawa a kemis, sai ya lafa ya sake dawowa. Yanzu ƙanensa ma ya fara susa. Ina mafita? Daga wata uwa a Kongolam, ƙaramar hukumar Mai'adua.

Amsa: Allah ya ba yaran lafiya. Makero ƙwayar cuta ce dangin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya daɗe a ajiye. Idan a jiki ya fito, man shafawa irin su clotrimazole yakan wadatar. Na kai kuwa shiga yake cikin silin gashi har tushensa, inda mai ba ya kaiwa. Shi ya sa kike ganin saman ya yi kyau alhali cutar tana nan a ƙasa.

Maganinsa sai an sha. Wanda aka fi ba yara shi ne griseofulvin, tun 1958 ake amfani da shi, ana sha kullum na tsawon mako 6 zuwa 8. Akwai kuma terbinafine. Ki kai su asibiti a auna nauyinsu, domin da nauyin yaro ake yanke adadin da zai sha. Griseofulvin ya fi shiga jiki tare da abinci mai maiƙo, don haka ki ba shi bayan ya sha fura da nono ko ya ci tuwo da man shanu. Inda iyaye kan yi sake shi ne idan gashi ya fara tsirowa, sai a ajiye magani. Don Allah ki daure har ƙarshe. Mai juna biyu kada ta sha griseofulvin.

Sai a toshe hanyar da makeron yake bi. Askar wanzami, injin aski, hula, matashin kai da mataji duk suna ɗaukarsa daga kai zuwa kai. Ki wanke musu kai da sabulun ruwa mai ketoconazole sau biyu a mako, yana rage yaɗuwa. A yankinku kuma, da ake hada-hadar shanu a kasuwar Mai'adua, a duba maruƙa. Maraƙin da ke da zagayayyen tabo mai toka-toka a fuska ko wuya yana sa wa yaron da ke shafa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mayukan da ake haɗawa da sinadarin steroid, irin na bilicin. Suna kashe ƙaiƙayi, cutar kuma ta ƙara bazuwa. Baƙin mai da ruwan batir da wasu ke zubawa ƙona fata kawai suke yi.

Idan wurin ya kumbura yana fitar da mugunya, kada ki bari a tsaga shi. Ki garzaya asibiti a Daura, domin jinkiri a nan yana barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba.